Kujerar Cleophas

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni ba marubuciya ba ce, karatu kawai na iya, shi ma a ɓoye, a bayan ƙofar ɗakin wanki inda ba mai nemana. Wannan ne shafi na huɗu da na fara, ukun farko suna cikin kwandon shara. In kuma gaskiya za a bi, duk unguwar Treme ba wadda ta kai ni cancantar a ƙwace mata alƙalami, don sau ɗaya tak na taɓa sa maganar wani a takarda, kuma ɓarna na yi. Labarin ɓarnar nake so in ba ku. In na yi tuntuɓe a hanya, ku kau da kai.

Sunana Leontine. Kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Mamer, sunanta Zerline Arceneaux. In kun tambayi tsofaffin New Orleans, waɗanda suka yi rawa kafin yaƙin duniya, za su ce muku, "Mis Zerline? Wadda ke zuwa a makare?" Ba latti take yi ba. Muryarta ce ke biyo bayan kiɗa da rabin taki, kamar matar da ta san ba za a fara biki ba sai ta iso.

Tana da shekara goma sha shida ta bar mawaƙan coci ta hau jirgin ruwan da ke kai mutane shan iska a kogi, tana rera jaz, wani saurayi mai suna Cleophas Metoyer yana busa ƙaho a gefenta. Shekara ashirin da biyu suka yi tare: jirgin ruwa, gidajen rawa, daga baya Chicago, inda ta yi shekara tara da faifai uku. Waƙoƙin duk ita ta tsara abinta, amma ba ta taɓa rubuta ko ɗaya ba. A kan teburin guga take haɗa su, ko a gaban tukunya, ta rera wa Cleophas sau biyu, shi ke nan ya kama. A jikin biyu daga cikin fayafayan, sunan wani farar fata da ba ta taɓa gani ba aka buga a matsayin mai waƙar. Da kasuwar irin kiɗansu ta ja baya sai ta dawo gida, ta yi shekara ashirin tana dafa wa 'yan makaranta abinci. Fayafayan kuwa ruwa ya tafi da su shekarar babbar guguwa, ina 'yar shekara uku.

Saboda haka ban taɓa jin muryarta da kiɗa a bayanta ba. Ku riƙe wannan, shi kaɗai ne uzurina, kuma ba wani uzurin kirki ba ne, tunda a garin nan aka yanke mini cibiya. Sai dai ni ce yarinyar da ke rufe taga in 'yan badujala za su wuce, don kada su ɓata mini shafi.

Mista Cleophas ba mijinta ba ne. Kakana ɗan dako ne a bakin kogi, ya rasu tun kafin a haife ni. Mutane sun yi ta ƙus-ƙus shekara da shekaru, har na taɓa yin ƙarfin halin tambayarta.

"Ba mijina ba ne, ba saurayina ba ne," in ji ta. "Mai amsa mini ne. Miƙo mini albasa, Furofesa."

Furofesa take kirana, saboda tabarau da littattafai.

Kowace Litinin, ranar wanki da jan wake, Mista Cleophas zai taho a hankali daga layi na huɗu, ya zauna a kujerar kaba da ke barandarmu, wadda ba mai zama a kai sai shi. Haƙoransa sun zube tun shekara goma sha biyu da suka wuce, kuma mai busa ƙaho in ba haƙori, leɓensa ba shi da abin jingina. Ƙahon yana ƙarƙashin gadonsa, a naɗe cikin rigar matashin kai.

"Zerline, wake ne wannan ko tsakuwar kogi kika dafa?"

"Wanda ba shi da haƙori, ko ruwa aka ba shi sai ya ce da ƙashi."

"Bari dai in sa haƙorana, za ki ga aiki."

"Shekara goma sha biyu kana sa su. Giwa ce za ta ara maka?"

Sai ya yi dariya dasashi waje, ya miƙo kwano a ƙara.

A watan Fabrairun shekarar da na cika goma sha biyar, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa Mamer. Bai kayar da ita ba. Ƙafar hagu ce ta yi nauyi, sannan kalmomi suka soma yi mata wasan ɓuya. Ta kan nuna cokali ta ce a ba ta taga. In ta gane, sai ta zagi cokalin.

A watan Oktoba kuma, ranar wata Talata da safe, aka tarar da Mista Cleophas a kan gadonsa da takalmi ɗaya a ƙafa. Jiya-jiya ya ci waken. An sa jana'iza ranar Asabar, da badujala da komai, don ƙungiyar da yake ciki ba ta binne nata a shiru.

Ranar Laraba muna cin abinci Mamer ta ajiye cokali ta ce, "Zan yi masa waƙa a coci."

Mamata, Bernadine, ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba ta son jaz. In an kunna a rediyo, tashi take yi ta kama wanke-wanke. Ta dubi uwarta ta ce, "Wace waƙa?"

"Tawa. Ba ki san ta ba. Ba wanda ya san ta sai shi."

"Mama, jiya kin kira ni da sunan 'yar'uwarki da ta mutu."

"Kin yi mini kama da ita ne. Ita ma haka take da baƙin rai."

"Duk unguwa za su zo. Da 'yan jarida ma, na ji an ce. Kina so abin da za su tuna da Zerline Arceneaux shi ne tsohuwa ta tsaya a gaban bagadi baki buɗe tana neman kalma?"

"Furofesa za ta rubuta mini a kati da manyan haruffa. Ba don na manta ba. Don in ɗaya ta gudu in kamo ta."

Mama ta tashi ta kwashe kwanoni. Sai washegari da za ta fita aiki ta ja ni gefe a bakin ƙofa. "Ki saurare ta da kyau. In ta kai ƙarshe ba ta tsaya ba, zan je coci in ga Fada in sa sunanta cikin masu waƙa. In kuwa tana tsayawa, ki gaya mini gaskiya. Kin ji, Tine? Gaskiya."

Na ce na ji. Na ji daɗi ma, Allah ya yafe mini, wai an ba ni aikin manya.

Da la'asar muka zauna a kicin, ni da fensir da littafin lissafina na makaranta na juya bayansa. Mamer ta ɗora hannun dama a kan ledar tebur ta rufe ido.

"Sau ɗaya zan yi," ta ce. "Muryar ba ta da yawa, ina tattalinta don Asabar. Ki buɗe kunne."

Ta soma. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, da ɗan tsatsa a gefenta.

*Na ɗora wake tun da safe.*

Sai ta yi shiru. Na ɗaga kai. Idonta a rufe, leɓenta a haɗe, kanta ya ɗan karkata kamar mai sauraron wani a ɗaki na gaba. Na ce a raina, ta fara ke nan. Ina shirin yin magana sai ta ci gaba.

*Na share baranda, na fito da kujera.*

Shiru kuma.

*Kogi ya wuce bai gaishe ni ba.*

Shiru.

*Kai ma haka za ka yi?*

Haka ta yi ta yi, baiti uku. Layi ɗaya, shiru, layi ɗaya, shiru. Duk shirun da ta yi sai in ja dogon layi a takarda. Layin ƙarshe na baiti na uku gajere ne ƙwarai, kalma uku ko huɗu, kusan faɗarsa ta yi ba rerawa ba. Na rubuta shi, na tuna na ɗan yamutsa fuska, don bai yi kama da ƙarshen waƙa ba, amsa-amonsa ma bai hau da na sama ba.

Ta buɗe ido. "Kin samu?"

"Na samu, Mamer."

"To je ki sa masa kayan coci."

Ga inda na yi ɓarnar. Na shiga ɗakin wanki na dubi takardar, rabi magana rabi ramuka, sai tausayi ya kama ni. A littattafan da na karanta, waƙa ba ta da rami. Kowane layi yana da abokinsa a ƙasa, su fito ƙafa da ƙafa. Na ce ciwon nan ya cinye mata rabin waƙarta, kuma ba ta ma sani ba. Sai na ce, ai ni na iya. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma na daɗe ina zargin na iya.

Na cike ramukan duka. Bayan wake na sa zuciya tana kuka kamar kurciya a reshe. Bayan kujera na sa hawaye kamar ruwan bazara. Ina jin kunyar maimaita sauran. Da na iso layin ƙarshe, gajeren nan, na ce wannan tabbas guntu ne ya rage mata, sai na cire shi na sa nawa: *Sai mun haɗu inda rana ba ta faɗuwa.* Na kwafe da tawada a farin kati, haruffa manya. Takardar fensir kuwa na dunƙule ta na jefa a shara, kan dusar kofi.

Da Mama ta dawo ta tambaye ni, na ce, "Tana tsayawa."

"Sau nawa?"

"Bayan kowane layi."

Ta zauna a bakin gado da fararen takalmanta ba ta cire ba. Ta daɗe a haka.

Ranar Juma'a da safe, ina jin motar shara tana nishi a layi, Mama ta gaya wa Mamer ba za ta yi waƙar ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce likita ma ba zai yarda ba, ta ce mawaƙan coci sun riga sun shirya.

"Wa ya ce ina tsayawa?" in ji Mamer.

Sai ta juyo ta dube ni. Ni kuma, don in wanke kaina, na miƙa mata katin da hannu biyu. "Na gyara miki, Mamer. Na cike inda ya ɓace."

Ta sa tabarau. Ta karanta layi na farko, na biyu, na uku. Ba ta wuce nan ba. Ta cire tabarau ta ninke a hankali.

"Wa ya zauna a kujerar Cleophas?"

"Ba kowa, Mamer. Tana waje."

"Na ce wa ya zauna a kujerar Cleophas?"

Ta ajiye katin a tebur, ta dafa sandarta ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Mama ta dube ni da idon da ke cewa, kin gani ko, abin ya yi nisa. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Da rana Mista Evariste ya zo gaisuwa. Shi ne mai ƙaramar ganga, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka hau jirgin ruwa da su. Mamer ta ƙi fitowa. Ya tsaya a baranda yana juya hularsa, bai ko dubi kujerar kaba ba, ya zauna a kan matakala.

"Yaya na ga idonki kamar kin yanka albasa buhu guda, jikar Zerline?"

Na nuna masa katin. Ya riƙe shi nesa da fuska, yana karantawa leɓensa na motsi.

"Wake nata ne," ya ce. "Kurciya ba tata ba ce. Zerline in ta ga kurciya, tukunya take tunani. Wa ya sa kurciya?"

Na gaya masa komai. Bai yi dariya ba, na gode masa da wannan.

"Da ta yi shirun, ina hannunta?"

"A kan tebur."

"Yana me?"

Na yi tunani. "Yatsanta yana ɗan motsi. Na ɗauka ciwon ne."

Ya ɗora yatsa a gwiwarsa ya soma bugawa a hankali. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya tsaya.

"Takwas. Tun muna jirgin ruwa takwas take bar masa, ba ƙari ba ragi. Ta faɗi nata, ta koma gefe, ƙaho ya amsa. Wani lokacin ya yarda da ita, wani lokacin ya ƙaryata ta, wani lokacin ya yi mata gwalo mutane su faɗi don dariya. Ita ke cewa kujerarsa ce. A Chicago wani mai kamfani ya ce a cike wurin da goge, ta ɗauki jakarta ta bar masa ɗakin. Rabin waƙar Zerline ba a bakinta yake ba, 'yar nan. Wannan kuwa ta yi ta ne bayan haƙoransa sun zube, ta ce ko kwaɗayin amsawa zai kai shi wurin mai haƙori. Bai je ba. Tsoro yake ji ya sa su, ya busa, a ji ba shi ba ne."

Na ruga bayan gida. Garwar shara wayam, har an kife ta.

Da Mama ta dawo na tare ta tun a ƙofa, ina magana ina haɗiye rabi. Na ce ba mantuwa ba ce, gurbi ne, bugu takwas ne, ni ce ban gane ba. Ta saurare ni har na gama.

"Na san gurbinta," ta ce. "Ni ma ta bar mini ɗaya. Shekara tara, ina gidan gwaggo ina jiran jirgin Chicago. Ba wanda ya busa komai a ciki." Ta cire hularta ta aiki. "An riga an buga takardar coci, Tine. A bar shi haka."

Na ɗauki alƙalami na soke layukana ɗaya bayan ɗaya, har na iso na ƙarshe. Nan na tsaya. Na rufe ido na nemi nata, gajeren nan. Akwai ƙofa a ciki? Ko ruwa? Ko sunansa ne? Na ji shi sau ɗaya, kuma lokacin da nake jinsa ina can ina raina shi. Ƙofar Mamer taku biyar ce daga inda nake. Da na ƙwanƙwasa na ce, Mamer, na taɓa na ƙarshen ma, da ta zage ni ta faɗa mini, a ranar tana da shi. Amma na ji tsoron idonta. Na ce tunda ba za ta yi waƙar ba, sai bayan jana'iza, in ta huce.

Asabar ta zo da rana mai kyau, abin haushi. A coci Mamer ta zauna tsakanina da Mama cikin baƙar riga da hula mai raga, ba ta buɗe baki ba ko a wurin amin. Da aka fito, Mama ta buɗe mata ƙofar mota.

"Da ƙafa zan raka shi."

"Mama, layi shida ne."

"Shi ya yi huɗu kowace Litinin don waken da yake zagi. Furofesa, kawo hannunki."

Muka bi bayan motar gawa. 'Yan badujala suna gaba da fararen huluna, suna taku ɗaya su dakata, taku ɗaya su dakata. Mista Evariste ya cusa hankici a ƙarƙashin tsarkiyar gangarsa, sai sautin ya koma kamar ana buga ƙofa daga nesa. Mutane sun cika baranda da bakin hanya, laimominsu a rufe, suna jiran lokacinsu. Nauyin Mamer duk yana kafaɗata. Katin yana aljihuna, ban san dalilin da ya sa na ɗauko shi ba.

A mahaɗar da ake sakin gawa, 'yan badujala suka rabu gida biyu don mota ta wuce ta tsakiya. Kiɗa ya tsaya. Mista Evariste ya kai hannu zai zare hankici, don da ya zare shi ke nan, an sallami mamaci, laimomi su buɗe, gari ya kama rawa.

A wannan ɗan tsakanin ne ta buɗe baki.

*Na ɗora wake tun da safe.*

Ba ta yi ƙarfi ba, amma hannun Mista Evariste ya tsaya a iska. Direban motar ya taka birki. Mai babban ƙahon badujala, wani ƙaton mutum mai raba wasiƙu, ya ji gurbin a jikinsa kamar yadda duk ɗan garin nan zai ji, ya ɗaga ƙaho zuwa baki. Mista Evariste ya ɗora sandan kiɗa a kan ƙahon ya danna shi ƙasa.

Yatsanta yana bugun hannuna. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Titi guda, mutum ya fi ɗari uku, ba tari ba motsi. Kowa ya san wanda ya kamata ya yi magana a wurin, kuma kowa yana kallon motar da yake ciki.

*Na share baranda, na fito da kujera.*

Takwas.

Da ta shiga baiti na biyu ta ce, *Ka ce in jira ka sa haƙora*, wasu tsofaffi suka yi dariya, irin wadda ke fita ta hanci da hawaye. *Na jira har nawa suka zube.* Wata mata a baranda ta ce, "Gaya masa, Mis Zerline," a hankali, mijinta ya taɓa ta ta yi shiru, don gurbin ba nata ba ne. Na waiga na ga Mama ta fito daga mota tana tsaye, hannunta a kan baki.

*Litinin ta zo, Litinin ta koma.*

Takwas.

*Wuta ta mutu, tukunya ta huce.*

Takwas.

*Na kira ka sau uku daga ƙofa.*

Ina ƙirgawa tare da yatsanta. Bakwai, takwas. Ta ja numfashi, bakinta ya buɗe. Tara. Goma. Yatsan ya daina bugu, ya nutse cikin naman hannuna.

"Ba ni," ta ce, ba ta motsa leɓe ba. "Furofesa, ba ni."

Na zaro katin. Na san abin da ke ciki, amma na duba, ko Allah ya canza shi a aljihu. Na kai bakina kunnenta na raɗa mata abin da nake da shi. Sai mun haɗu inda rana ba ta faɗuwa.

Ta ɗan girgiza kai. "Ba nawa ba ne."

Goma sha huɗu. Goma sha biyar. Goma sha shida. Mista Evariste yana kallonta, shi ma yana ƙirgawa. Ya ba ta takwas biyu cif, sannan ya zare hankicin ya kaɗa gangar da dukan ƙarfinsa. Ƙahoni suka tashi gaba ɗaya, laimomi suka buɗe, motar ta wuce ta tsakiya ta tafi da shi. Mutane suka kewaye mu suna rawa suna kuka. Mu biyu muna tsaye a tsakiyar titi kamar turaku.

Ta rayu wata biyar bayan wannan. Kowace Litinin sai in ji ta a gaban tukunya tana bin baiti na uku ƙasa-ƙasa, ta iso ƙofa, ta ƙirga takwas, ta tsaya. Bai dawo ba. Na kawo mata kalmomi a takarda, duk gajerun da na sani, tana dubawa tana mayar mini. Amma wannan daga baya ne.

A ranar, bayan an dawo, aka taru a zauren ƙungiya cin abinci. Aka zaunar da Mamer a kujera mai hannu, mutane suka yi layi. Wani ɗan jarida mai gashin baki ya durƙusa a gabanta ya ce bai taɓa jin an rufe waƙa haka ba, a kira mutum sau uku a bar shi da shiru. Ya tambaye ta ko tun farko haka ta tsara.

"Ka ci abinci kuwa?" ta ce masa. "Ga kaza can."

Da layin ya ɗan tsinke ta yafuto ni. Na durƙusa.

"Me na ce a ƙarshe, ranar Alhamis?"

"Ban sani ba, Mamer."

"Kin rubuta. Na ji fensir."

"Na rubuta. Na cire shi na sa nawa. Takardar ta tafi da shara."

Na jira zagin. Na so ta zage ni a gaban kowa, ta kira ni duk abin da ta saba kiran cokali. Sai ta yi ta kallon hannayenta.

"Gajere ne, ko?"

"Gajere ne."

"Na san gajere ne. Shekara biyu na yi ina rage shi." Ta gyara ragar hularta. "Ku biyu kaɗai kuka taɓa jinsa. Ɗaya ba haƙori, ɗaya ba kunne."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Har ta ɗan taɓa tabarauna ta daidaita mini shi a hanci.

Sai ga Mama da faranti, shinkafa da jan wake, ta murƙushe waken da bayan cokali yadda zai yi mata sauƙi. Ta ja kujera ta zauna dab da ita, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce, "Ci, Mama." Can kuma, idonta a kan faranti, ta ce, "A Chicago ma haka kike yi? Da shirun da komai?"

"Da shirun da komai. Sai dai can akwai mai amsawa."

"Ba ni labari."

Mista Evariste ya matso da kofinsa, wasu tsofaffi biyu suka jawo kujeru. Aka rufe ta da bayansu, har ban iya ganin komai sai saman hularta. Wani ya soma taɓa piyano a kusurwa.

Na tashi a hankali. Ƙofar baya tana kusa da inda aka jera tukwane, a buɗe take saboda zafi. Na ɗauki wani faranti da ba komai a kansa kamar zan kai wanki, na ajiye shi a kan taga, na sauka matakala uku zuwa lungu. Katin yana aljihuna, gumi ya jiƙa shi. Ba wanda ya kira sunana. Na bi gefen inuwa na nufi gida.